Fim Kashi Huɗu da Shaidar Kawuna

Idan na ji ƴan boko suna zagin masu fim, wai ba su da tunani, daga na ɗaya sai na biyu sai na uku, labari guda ana ta jan sa shekara da shekaru, ba na sa baki. Da can ni ne kan gaba a wannan zagi, har da kumfar baki. Yanzu kuwa sai in sunkuyar da kai in kama duba takalmina. Ni ma na yi, har kashi huɗu, kuma ba da mutumin tatsuniya na yi ba. Da kawuna na yi, wan mahaifiyata uwa ɗaya uba ɗaya.

Lokacin ina malamin kwantiragi a wata lakwal, wato makarantar boko, a Madarunfa. Muna da ɗan gungu na masu wasan kwaikwayo, teyatur muke ce masa, mukan yi a ƙarshen shekarar karatu iyayen yara su zo su yi dariya su watse. Ni ke tsara labari. Wanda ya fi kowa iya wasa a cikinmu wani abokina ne tela, mai shago kusa da kasuwa, siriri kamar karan dawa, amma in ya ga tafiyar mutum sau ɗaya to ya ɗauke ta. Da na sayi salula mai kyamara mai kyau sai muka ce me zai hana mu ɗauki wasanmu, mu ma a gan mu.

Kawu yana ƙauyenmu, can wajen Safo. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ba shi da sarauta ko ta sisin kwabo. Abu ɗaya gare shi: ya san iyakar gonaki. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa, wanda shi ma aikinsa ke nan, har ya haddace gonakin garin kaf, wa ya sare dajin, wa ya gada, wa ya ba wa aro, ina aka dasa gamba don ta raba tsakani. Da bazara, in an fara sharar gona rigima ta tashi, mai gari yakan aika a kira shi. Sai ya taho yana jan ƙafar hagu, wadda amalanke ya taɓa takewa, ya bi gonar a hankali jama'a na biye, ya tsaya, ya yi gyaran murya sau uku, ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce, “Gabana anka yi.” Daga nan ya zayyano tarihin wurin. In ya gama magana ta ƙare, wanda aka kayar ya haɗiye ya tafi gida. Ko goro ba ya karɓa a kan wannan aiki. In an ajiye masa, a kan tabarma yake barin sa. Da wannan suna ya aurar da ƴaƴansa, da shi yake shiga ko'ina a tashi a ba shi wuri.

Ni kuwa tun ina ƙarami na iya kwaikwayonsa. Inna takan biyo ni da muciya, amma tana gudu tana dariya, don haka ban taɓa ɗaukar abin laifi ba. Wata rana da la'asar a shagon tela, ana shan shayi, na tashi na ja ƙafa, na yi gyaran muryar nan, na kafa tsintsiya a ƙasa. Tela ya ajiye almakashi ya ce in sake. Na sake. Ya tashi ya yi, wallahi ya fi ni, kamar Kawun ne ya shigo shagon. Kafin sati ya zagayo mun samo tsohuwar riga, mun yi gemu da auduga, mun ɗauki fim a bayan lakwal.

Na ɗayan ba shi da wata cuta, in dai zan yi wa kaina adalci. Tsoho ne mai son a ce ya san komai. Kaza ta yi ƙwai, gabansa aka yi. Wasu sun yi faɗa a Kano, gabansa aka yi. Ba mu ambaci gona ba, ba mu ambaci suna ba. Na ce wa kaina ba wanda zai gane. Ƙarya nake yi, kuma tun a ranar na san ƙarya nake yi. Daga Safo har Gabi wa bai san wannan tafiyar ba?

A tasha akwai wani mai turi, wato mai ordinata, kwamfuta ke nan, da ke zuba wa mutane fina-finai da waƙoƙi a salula. Shi muka kai wa. Bai yi wata guda ba fim ya gama gari. Ƴan kabu-kabu in sun gan ni sai su taka birki su yi gyaran murya. Direbobi suka kai shi Ɗan Issa, daga can ya tsallaka iyaka. Wani ɗan kasuwa ya dawo daga Katsina ya ce ya ga ana kallonsa a rumfar mai shayi, mutane har suna riƙe ciki. Kai! Kaina ya kumbura. Ni da ko darektan lakwal ba ya tuna sunana sai ya duba takarda, yau ga ni ana nuna ni da yatsa a kasuwa.

Mai turi ya aiko in je. Ya ce, “Mushe, ina na biyu?” Mushe, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, daga Faransanci.

Na dube shi sheƙeƙe. Na ce ni ba irin waɗannan ba ne, masu tatsar labari ɗaya har ya bushe. Ina da labari na gaske, na masuntan tafki, yadda suke zama in ruwa ya janye kifi ya yi wuya. Shi zan yi, duniya ta san Madarunfa ba wasa kaɗai muka iya ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya ga ordinatarsa.

Rani guda na kashe a kan fim ɗin masunta. Na ari kwale-kwale, na roƙi mutane, rana ta gasa mu a bakin tafki, sau biyu salulata ta kusa faɗawa ruwa. Har yau ina ganin shi ne abu mafi kyau da na taɓa yi. Na kai tasha ina taƙama. Bayan sati biyu na koma jin labari, mai turi ya ce mutum uku suka karɓa, ɗaya ya dawo ya ce a goge masa, yana cin wuri.

Na hau faɗa. Na ce jahilci ne ya yi wa mutane katutu, na ce shi ma bai tallata ba, na ce abubuwa da yawa. Ya bar ni na gaji, sannan ya tura mini benci da ƙafa.

Ya ce, “Zamna, Mushe. Kai lakwal ka sani, ni tasha na sani. Mutum ya miƙo mani salula, mota na shirin tashi, ɗan kamasho na kira nai. Mi kake so shi ce? Shi ce in sa mashi abin da bai taɓa ji ba? Ina! Cewa yake, sa mani ci gaban tsohon nan. Ya san zai yi dariya, ya riga ya ɗanɗana. Dubi na Indiya, dubi na ƴan Sin masu tashi sama, duk na biyu ne da na uku. Leƙa ɗakin can inda samari ke buga ƙwallo a telebijin, kowace shekara wai sabo ya hito, mi ya sake? Riguna. Su da ke da jiragen sama suna tsoron sabon abu, sai kai mai salula guda?”

Na tashi a fusace na ce har abada ba zan yi ba. Kwana uku na yi na tafi shagon tela na tambaye shi ko gemun nan yana nan.

Zan so in ce maganar mai turi ce ta rinjaye ni, amma ba ita ba ce. Ƴan kabu-kabu sun fara wuce ni ba birki, abin da ya dame ni ke nan. Na saba da a kira ni. Ga kuma sauƙi: riga tana nan, sanda tana nan, tela ya san tafiyarsa, masu kallo sun san mutuminsu. Ba sai na zauna na ƙirƙiro kowa ba, ba sai na roƙi kowa ya so shi ba. An riga an so shi.

Sai dai akwai abin da mai turi bai gaya mini ba, a wurin ɗauka na gano shi. Abin da ya ba mutane dariya jiya, in ka maimaita shi yadda yake, murmushi kawai za su yi. Suna son tsohon da suka sani, amma suna son ya yi abin da ya fi na da. Dole ka ƙara gishiri, in ka ƙara kuma gobe sai ka ƙara a kan wanda ka ƙara. A na biyu na kai shi gona, na sa ya ba da shaida aka kama shi da ƙarya ƙiri-ƙiri. A na uku na sa ya ruɗe, tsufa ya cinye masa hankali, ya ja iyaka ta tsakiyar ɗakin wani har ta raba gado biyu. Kowane ya fi na bayansa tashi.

Bayan na biyu ne Inna ta yi tattaki ta zo Madarunfa, ita da ba ta son mota. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, “Wai kai, duk tsohin duniya ba ka ga na wasa ba sai wana?”

Na ce, “Haba Inna, wa ya ce shi ne? An faɗi suna?”

Ta ce, “Ko makaho ya ji wanga gyaran murya ya san ko wane ne. Ka bari. Mutumen nan ba shi da komi sai bakinai.”

Ni, da na yi karatu, sai na kama yi wa uwata bayanin abin da ake nufi da wasan kwaikwayo, har ina ɗaga mata murya. Na ce ba ta gane ba ne, a ƙasashen da suka ci gaba har shugabanni ake kwaikwaya. Ta ɗauki ƙunshinta ta fice. Ko tasha ban raka ta ba. In na tuna wannan rana har yanzu sai in ji kamar in nutse.

Shi Kawu bai taɓa ce mini uffan ba. In na je gida na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara da aiki, ya sa a ɗebo mini gyaɗa. Salularsa ƴar ƙarama ce mai tocila, ba ta nuna hoto. Na ɗauki shirunsa na mayar izini.

Na huɗu shi ne na kaza. Na sa wani mai rigimar gona ya ba tsohon kaza a ɓoye, ya cusa ta cikin babbar riga. Ya zo gaban jama'a, ya ja ƙafa, ya yi gyaran murya, ya kafa sanda, yana buɗe baki zai ce gabansa aka yi sai kaza ta kwarma kuka daga hammatarsa. Da muke ɗauka sau biyar muna tsayawa don mai riƙe salula ya kasa daina dariya. Mai turi ya ce tun da ya fara sana'a bai ga abin da aka yi wa rububi haka ba. Ni na ƙago kazar nan, a kan tabarmata, ina shan fura, har ina tafa wa kaina.

Damina ta wannan shekara gulbi ya yi ambaliya ya shafe gonakin da ke gangare a ƙauyenmu. Cikin abin da ya tafi da shi har da layin gambar da ke raba gonar matar marigayi maƙerin garin da ta wani ɗan kasuwa mai shanun huɗa. Matar nan ta manyanta, ɗanta namiji ya tafi ci-rani Najeriya shekaru ba labari, ita ke riƙe da ƴaƴansa da wannan gona. Da bazara ta zo, ɗan kasuwa ya sa aka share har cikin tata, wajen taku ashirin a faɗi, kuma ta gefen da ƙasar ta fi kyau, inda take samun geron da ke kai su kaka. Ta kai kuka wurin mai gari. Ba ta da kowa, ba ta da takarda. Kawu take da shi.

Ranar da za a fita gonar ina gari, na je suna. Na bi jama'a da hantsi. Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba don tausayin matar na bi ba. Na biyar nake nema. Na ce bari in je in ga na gaske, wataƙila in tsinci wani abu.

Mutane sun fi na kullum yawa, samari sun cika wurin. Kawu ya taho yana jan ƙafa, sai na ji ƙus-ƙus a bayana, wani ya toshe baki da hula. Bai lura ba. Ya bi gonar kamar yadda ya saba, ya dubi wani gawo, ya dubi gabas, ya ƙara taku, ya tsaya. Ya yi gyaran murya na farko. Na biyun, wasu daga baya suka taya shi. Ya kafa sanda ya ce, “Gabana anka yi.”

Wurin ya fashe. Ba samari kaɗai ba, har dattawa masu furfura suna juya baya kafaɗunsu na rawa. Ana cikin haka wani daga mutanen ɗan kasuwa ya yi kukan kaza, ya iya kuwa, aka sake kwashewa, wani har da zama a ƙasa.

Kawu ya juya yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya raba iyayensu faɗa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya jira a yi shiru, ba a yi ba, sai ya ci gaba da maganarsa a cikin hayaniyar. Ina kusa, na ji shi. Ya faɗi shekarar da mahaifin maƙeri ya sare wurin, ya faɗi wanda ya dasa gambar, ya faɗi inda wani suri yake da kafin garma ta baje shi. Bai tsallake komai ba. Ban da ni da matar ba na jin akwai wanda ya saurara.

Ɗan kasuwa ya matso gaban mai gari ya rusuna, da ladabinsa. Ya ce, “Ranka shi daɗe, Baba uba ne gare mu duka, ba mai musu. Amma tsuhwa ta zo. Kowa ya san yadda shaidatai ta koma, har ƙetare an sani. Ga mutum biyu nan da sunka yi noma wurin, a tambaye su.”

Mai gari, shi kansa yana goge ido da bakin rawani, ya kira mutanen biyu. Suka faɗi abin da aka kawo su faɗa. Aka kafa turaku inda suka nuna.

Ina tsaye. Bakina yana nan, lafiyata ƙalau. Abin da ya kamata in yi bai fi in ɗaga hannu in ce, jama'a, kazar nan ni na ƙaga ta, mutumin nan bai taɓa karɓar ko goro ba, ku ma kun sani. Ban ce ba. Na ji tsoron a juyo kaina da dariyar, na ji tsoron idon Kawu. Na laɓe a bayan wani dogo kamar ɓarawon akuya. Tir da ni.

Matar maƙeri ba ta yi kuka ba. Ta je ta durƙusa gaban Kawu ta ce, “Baba, na gode. Ka faɗi abin da ka sani.” Da ta tashi za ta wuce, ashe ta gan ni. Ta ɗan tsaya ta ce, “Mushe, sannu da aiki.” Ta yi gaba.

Washegari na dira a tasha kamar mahaukaci. Na ce wa mai turi ya goge su duka huɗun, yanzu-yanzu, a gabana. Ya ce to, ya danna, ya goge. Sannan ya nuna mini motocin da ke lodi, da mutanen da ke zaune a kan buhuna kowa da salula a hannu. Ya ce, “Na goge nawa. Waɗancan hwa, wa zai bi su?” Sai na zage shi, shi da bai ƙaga komai ba. Tela kuwa ko gardama bai yi ba da na ce an daina. Ya ce shi ma tun na uku yake jin nauyin haɗuwa da tsohon a kasuwa, in ya hango shi sai ya sake layi.

Na zaci in na daina abin zai mutu. Ina! Shekara ba ta cika ba wasu samari daga wajen Ɗan Issa suka ɗauko labarin tun daga farko. Sabon ɗan wasa, kyamara ta gaske, har da kiɗa. Sabon zubi, in ji mai turi. Ya ce wanda ya ga nawa yana so ya ga yadda waɗannan za su yi, wanda bai gani ba kuma a wurinsa sabo ne, ta ko'ina ba asara. Ƙafar hagun tana nan, gyaran muryar yana nan, kazar ta zama rago. Yaran nan ba su taɓa ganin Kawu ba, ba su ma san akwai shi ba. Na hau moto, wato babur, na je na same su ina huci, na ce wa ya ba su izini. Babbansu ya ce, “Yi haƙuri, Mushe, ba mu san naka ba ne. To kai wa ya ba ka?” Na juya moto na dawo.

Sai da aka kusa yankan gero na iya zuwa gaban Kawu. Duk tsawon wannan lokaci in na shiga gari ta bayan gida nake bi. Inna ta gaya mini an yi rigimar gona biyu bayan waccan, ba a aiko masa ba. Ya daina zama a dandali, daga masallaci sai gida.

Na same shi da la'asar a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na buɗe baki, duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, “Kawu, ni ne. Fim ɗin nan.”

Ya ce, “Na gani. An gwada mani bayan mun dawo daga gona.” Ya ci gaba da tufkarsa. “Telan nan ya iya tahiyata.”

Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna.

Ya ajiye igiyar ya ce, “Abu guda nike so in tambaye ka, ka gaya mani tsakaninka da Allah. Kazar nan. Wa ya ce maka na amsa?”

Na ce, “Ba kowa, Kawu. Wallahi ba kowa. Ni na ƙaga.”

Ya sauke numfashi mai tsawo. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Na daɗe ina binciken kaina. Na ce yaron ga ya yi karatu, ba shi faɗin abu haka kawai. Ko wata shekara wani ya kawo ma iyali kaza ban sani ba, ko na amsa na mance. Har matata na tambaya.”

Da ya ɗauki sandar nan ya rafka mini a ka, da ya fi mini sauƙi. Wata da watanni tsohon nan yana tuhumar kansa a kan abin da na ƙaga ina shan fura. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun tuni, nasa mai sauƙi ne. Ya ce in kwana, da safe akwai inda za mu.

Da hantsi ya kai ni gonar. Geron ɗan kasuwa ya yi kai a wurin, ya fi na ko'ina kyau. Kawu ya tsayar da ni a gindin gawo, ya sa na juya gabas, ya ce in ƙirga taku. Ya nuna mini inda surin yake da, ya tona ƙasa da sanda ya ce in duba yadda launinta ya bambanta. Ya nuna mini wani tsohon kututturen kalgo da ciyawa ta rufe, ya faɗi wanda ya sare shi da dalili. Muka bi layin daga farko har ƙarshe, yana jan ƙafa, yana haki. Da muka kai ya ce mu koma, wannan karon ni zan faɗa. Na yi kuskure a wuri ɗaya, ya gyara mini, muka sake.

Sannan ya ce, “To, ka riƙe. Ni maganata ta mutu. Kai ana jin taka har Najeriya. Tahi ka gaya masu.”

Na je. A ranar na je, ban tsaya ko wanke ƙafa ba. Na sami mai gari a ƙofar gidansa da mutane, na zube na faɗi komai, na ce ni na ƙaga kaza, ni na ƙaga ruɗewa, na zayyana iyakar daga gawo har kalgo ban tsallake taku ɗaya ba. Suka saurare ni kuwa, shiru, ba mai tari. Na ji daɗi, na ce yau gaskiya za ta fito. Da na gama sai wani dattijo ya leƙa bayana, ya dubi hagu ya dubi dama, ya ce, “Mushe, ina mai ɗaukar? Na biyar ɗin ne wanga?” Aka yi dariya. Mai gari ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, maganar gona an rufe ta.

Na koma sau biyu bayan nan. Na je har da takarda da na zana da hannuna. Ana karɓata da fara'a, a ba ni ruwa, wani ya roƙe ni in ɗan yi musu tafiyar tsohon kafin in tafi. Wa zai ɗauki shaidar mai wasan ban dariya a kan gona?

Kaka uku ke nan geron wannan wuri yana shiga rumbun ɗan kasuwa. Matar maƙeri ta koma yin surfe a gidajen mutane, babbar jikarta an cire ta daga lakwal tana taya ta. In mun haɗu a hanya tana gaishe ni, ni ke rasa inda zan sa idona. Kawu yanzu ba ya iya kai kansa masallaci sai an riƙe shi. In na shiga zaure ba ya tambayata yara, ba ya tambayata aiki. Yana jin sallamata sai ya ɗago kai ya ce, “An maida mata?”

Sai in ce, “Ba tukuna, Kawu.”